Ledar Gari a Saman Firji

Jiya da hantsi dusar ƙanƙara ta farko ta bana ta sauka a garinmu Manassas, nan Amurka. Ba ta yi yawa ba, kafin azahar ta narke ta bar caɓi a bakin titi. Ɗiyata Rabi ta kira ni daga wurin aikinta tana tambaya ko hitar ɗumama gidan tana aiki, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci kamar yadda muka saba. Da na ajiye wayar na dama kunun dawa, na zuba a kofi, na zauna ina kallonsa har ya huce. Haka nake yi duk shekara. Kunun ranar farko ba ya shiga bakina.

Shekarun sun haura goma sha biyar yanzu. Lokacin muna zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidan Hajiya Zali, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ta daɗe a ƙasar nan. Tagarmu ɗaya ce, daidai da ƙasar waje, ba abin da nake gani ta cikinta sai takalman masu wucewa. Mijina Malam Isa direban tasi ne. Wata goma kacal da ya ɗauko ni daga Maraɗi, Rabi tana da shekara biyu. Shi ne bakina, shi ne ƙafata. Shi ke zuwa kanti, shi ke karanta takardu, shi ke amsa waya. Turancina bai wuce gaisuwa da godiya ba, kuma ban damu ba, don ina ganin ai ga Malam.

Wata safiya yana alwala na ji butar ta faɗi. Hawan jini ne, suka ce, ya shanye masa ɓarin dama. Sati uku ya yi a asibiti suka maido mini shi a kujera mai taya. Mutumin da ke Hausa da Zabarmanci da Faransanci da Turanci, wanda fasinja ke roƙonsa ya yi shiru, ya dawo da kalma uku a bakinsa: Allah, a'a, da dawa.

Ni na san abin da yake nufi. Malam ɗan manoma ne, kuma ko a Maraɗi in zazzaɓi ya kama shi ba abin da yake karɓa sai kunun dawa da tsamiya, mai ɗan kauri, irin wanda mahaifiyarsa ke dama masa. Sai ga shi yanzu ya kafe a kan wannan ɗaya. In na kawo shinkafa ya datse haƙora. In na kawo madarar gwangwani da asibiti suka ba mu, ya karɓi cokali biyu ya kau da kai. Likita ya faɗa wa Hajiya, Hajiya ta faɗa mini, cewa jikinsa zai iya farfaɗowa in yana cin abinci, in ba ya ci kuwa ba abin da magani zai yi.

Na hau sama na tambayi Hajiya inda ake sayar da dawa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Dawa a Amurka, Hadiza? Shekara ashirin ina nan ban taɓa ganinta ba. Sai in wani zai zo daga gida, shi ma a filin jirgi suke karɓewa."

Abokan aikinsa direbobi ma haka suka ce. Suka zagaya kantunan 'yan Gana da na 'yan Najeriya, suka kawo mini garin masara da garin rogo da samobita. Ɗaya ya yi alkawarin ƙaninsa zai taho da ita in sanyi ya wuce. Na dama na masara na sa tsamiya har da ɗan sukari, na ce wa Malam ga kunu. Ya kurɓa, ya dube ni, ya bar shi ya zubo ta gefen bakinsa. Jikinsa ne ya shanye, harshensa bai manta komai ba.

Ana cikin haka ƙanƙarar ta zo. Ban taɓa ganin irinta ba, kafin nan ko bayan nan. Kwana biyu tana zuba ba tsayawa, ba ƙara, ba tsawa, abu kamar ana tankaɗe gari daga sama. Ta rufe tagarmu, ɗakin ya zama duhu da tsakar rana. Ta cika matakalar da muke fita ta waje, ƙofar ta ƙi turuwa. Wuta ta ɗauke, hita ta mutu. Na tara duk bargunan gidan a kan Malam, na goya Rabi, na ɗora rigar sanyinsa a kanmu mu biyu. Numfashinmu yana fita kamar hayaƙi a cikin ɗaki. Ruwan alwala yana cizon yatsu har ƙashi. Hajiya tana ƙwala mini kira ta ƙofar ciki tana tambaya ko muna da rai, ita ma gwiwoyinta ba sa barinta ta sauko sai da ƙyar.

A rana ta uku na ji ƙarar shebur a waje. Can sai haske ya shigo ta taga, sai ga fuskar wani mutum yana leƙe. Indiyawa ne, su wajen shida, kowa da sheburinsa, gida-gida suke bi suna haƙa hanya. A bayansu akwai wata tsohuwa gajera, ta ɗora kwat ɗin maza a kan zanenta na Indiya, ta zura manyan takalman roba. Ta sauko matakalar tana dafa bango. Ta kalli Malam, ta kalli murhun da ba wuta, ta kalle ni.

Ni abin da na sani game da Indiyawa daga fim ne. A Maraɗi mun sha kallo har muna ganin mun iya yaren. Da na buɗe baki sai na tarar duk abin da na iya kalmomin soyayya ne da na rantsuwa da na kuka a gaban uwa, ba wanda zai yi amfani a ɗakin majinyaci. Na haɗa tafin hannuwana na yi mata gaisuwarsu. Ta yi dariya har haƙorinta na zinari ya fito, ta dafa ƙirjinta ta ce sunanta Shanta. Ni ta sa mini suna beti, wato ɗiya. Ni kuma na kira ta Inna, ta amsa.

Daga baya na gane ƙungiya ce ta mabiya addinin Hindu da ke unguwar. Sun kama wani tsohon kanti a ƙarshen layinmu. Ran Asabar da safe suna koya wa jikokinsu yaren Hindi, don yaran sun koma amsa wa kakanninsu da Turanci. In yara sun tashi, sai tsofaffin su zauna a koya musu Turanci. Da rana kuma a ɗaura kwalayen abinci a raba wa duk mai buƙata a unguwa, ba sa tambayar addininka. A wani lungu bayan labule suke ajiye gumakansu da furanni da turare. Da Hajiya ta ji wannan sai ta yanke mini hukunci: ɗanye in karɓa, dafaffe kada in taɓa, don ba mu san abin da aka yi a kansa ba.

Kwalin farko Inna Shanta ce ta kawo shi da kanta washegari. Akwai shinkafa, mai, albasa, wasu ƙananan wake jajaye, madara. A ƙasan kwalin akwai wata leda mai kauri da ba a ganin cikinta, da jin ta gari ne. A jikinta an buga hoton wata mace mai hannu huɗu zaune a kan fure. A ɗakin da nake salla, a ɗakin da mijina ke kwance tsakanin rai da mutuwa? Ban iya zubar da ita ba, don abinci ne, ba a haife ni in zubar da abinci ba. Ban kuma nuna wa Hajiya ba, kada ta hana ni kwalin gaba ɗaya. Na taka kujera na ɗora ta a saman firji, na juya hoton ya kalli bango, na manta da ita da gangan.

Ba na son karɓar abu hannu biyu ina zaune. Asabar ta gaba na roƙi Hajiya ta sauko ta zauna da Malam, na goya Rabi na taka ƙanƙara zuwa kantin. Na tarar Inna Shanta a gaban allo tana fama da yara, tana faɗin kalma suna maimaitawa suna kallon taga. Da suka tashi ta jawo ni muka zauna a kan 'yan kujerunsu, gwiwoyinmu a ƙirji. Ashe a ajin Turanci ita ma ɗaliba ce, Turancinta ɗingishi yake yi. Bayan darasi muka shiga aiki. Ni ce mai auna shinkafa da kofi ina ɗaurewa. Tsofaffin matan suna ta surutu a kaina, ina jin wata kalma nan da can. Na ji sun ce duniya, kuma duniyar suke nufi. Na ji sunan sabulu kusan irin namu. Abin ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni ƙarfin gwiwa.

Shi ya sa na taɓa hannun Inna Shanta na haɗa 'yan kalmomin da na koya ran nan. Na ce mijina, na nuna bakina, na ce dawa.

Gaba ɗaya matan suka juyo suna gyaɗa kai. Dawa, dawa, suka yi ta maimaitawa, da tausayi a fuskarsu. Inna Shanta ta dafa kafaɗata ta ce gobe. Wallahi ban san lokacin da na iso gida ba. Na durƙusa gaban gadon na ce wa Malam an samu, gobe za a kawo. Rabin fuskarsa mai rai ya yi murmushi. Tun da ya kwanta ban ga wannan ba.

Washegari ta zo da wani mutum mai jaka, likita ne ɗan ƙungiyarsu. Ya gwada jinin Malam, ya duba kwalaben maganinsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi rubutu. Ita kuma ta fito da wani ɗan akwatin roba mai gida bakwai, ta jera ƙwayoyin kowace rana a gidansu. Na yi godiya. Na ɗauka wannan somin-taɓi ne, dawar tana tafe. Da suka fita Malam ya bi hannuwansu da kallo, sannan ya mai da ido ga ƙofa.

Na jira sati. Na sake tambaya, wannan karon na kwaikwayi kurɓa daga kofi, don su gane kunu nake nufi. Suka kawo maganin ruwa, wai ko haɗiyar ƙwaya ce ke ba shi wuya. Na ɗauki alli a ajin na zana kara da ganye da zangarniya a kai. Ni ba gwanar zane ba ce. Suka kawo mini garin masara, na uku ke nan a ɗakin. Daga nan na daina. Kunya ta kama ni, mutane suna ciyar da kai kana kuma yi musu zaɓe. A raina na yanke cewa ba su da ita ne, suna rufe ni da kirki don kada su ce babu. Har na ɗan ji haushinta, ba zan ɓoye ba.

Ita kuwa kullum bayan la'asar sai ta sauko matakalar nan. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta zauna a kujerar da ke kusa da gado, ta ɗora Rabi a cinya. In Malam ya ce dawa, sai ta ɗaga hannun kwat ɗinta ta duba agogo, ta ce masa a hankali da Turancinta lokaci bai yi ba tukuna. Ni kuma sai in fassara masa da Hausa cewa kayan ba su iso ba, ya ƙara haƙuri. Haka muka yi ta yi, ita da agogonta, ni da fassarata, shi a tsakani.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Da asuba in dafa ruwa in goge masa jiki, in juya shi, in shafa mai a bayansa inda fata ta fara ja. In canza zanen gado, in wanke a baho, in shanya a kan hita. Sai yaƙin cokali. Wata rana biyar, wata rana uku, wata rana ya rufe ido tun kafin in iso. Na yi lallashi, na yi kuka, sau ɗaya har na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Zoben azurfarsa ya fara zamewa daga yatsa, na cire na ɗaura masa a wuya da zare. Da farko sai na kira Hajiya kafin in ɗaga shi, daga baya ni kaɗai nake ɗaukarsa. Ba na iya cin abinci yana kallona, saboda haka nakan laɓe a gefen firji in ci shinkafata a tsaye, da sauri kamar ɓarauniya.

Sanyi ya fara sassauci, ƙanƙarar bakin titi ta zama baƙa ƙirin da hayaƙin motoci, lokacin ne ƙirjinsa ya kama. Jikin ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Aka mai da shi asibiti, aka zura masa roba ta hanci. Kwana huɗu ya yi, bai sake magana ba. Ya cika ran Talata da hantsi, ina riƙe da hannunsa na hagu. Direbobi suka yi masa sutura, suka kai shi. Mutanen Inna Shanta suka zo suka tsaya a waje cikin sanyi, ba su shigo ba. Abin da suka kawo duk ɗanye ne da 'ya'yan itace. Ashe ta daɗe da gane dokar Hajiya ba tare da kowa ya faɗa mata ba.

Na shiga takaba, ba fita. Da Inna Shanta ta fahimci wata huɗu zan yi a ɗaki, sai ta ce to aji zai zo ya same ni. Wani wasa muke yi: ta nuna abu ta faɗi sunansa da Turanci, sannan da yarenta, ni kuma in faɗa da Hausa. Mun gama da cokali da tukunya da ƙofa da taga. Wata rana, bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, tana neman abin nunawa sai idonta ya kai saman firji.

Ta jawo kujera ta taka, tsohuwa da ita, ta sauko da ledar. Ƙura ta lulluɓe ta. Ta juya ta ta kalli hoton, ta kalli bangon, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai. Ta ɗauki almakashi ta yanke bakin ledar, ta juye garin a kwano, ta naɗe ledar hoton a ciki ta sa a aljihun kwat ɗinta. Sannan ta dafa ruwa ta zuba a kan garin, tana nuna mini da hannu cewa za ta koya mini yadda suke yin gurasarsu ta lokacin sanyi, wadda suke ba marasa ƙarfi.

Tururin ne ya fara isowa gare ni. Ƙamshin tsakar gidanmu na Maraɗi, ƙamshin turmi bayan an gama surfe. Na miƙe ban san na miƙe ba. Na sa yatsa a garin na ɗanɗana.

"Dawa," na ce.

Ta girgiza kai tana murmushi, kamar yadda take yi wa yaran ajinta. "A'a, beti. Wannan abinci ne. Jowar."

Na damƙi garin a hannuna na kai shi gaban fuskarta. Na nuna gadon da ba kowa a kai. "Dawa, Inna. Malam. Dawa."

Ta tsaya. Ta juya ta miƙa hannu kan teburin girki inda ɗan akwatin roban nan mai gida bakwai yake, har lokacin da sauran ƙwayoyin da bai sha ba a ciki. Ta ɗaga shi.

"Dawa," ta ce, muryarta can ƙasa.

Muka tsaya a tsakiyar ɗakin, kowacce da dawarta a hannu. A yarensu dawa magani ne. Na ga lokacin da abin ya shige ta. Ta kalli gadon, ta kalli kujerar da take zama, sannan ta kalli agogon hannunta ta rufe shi da tafinta. Ta zauna a ƙasa cikin kwat ɗin, tana wata magana da yarenta wadda ban nemi fassararta ba. Ni ban yi kuka ba a lokacin. Lissafin makonni nake yi. Ledar ta shigo ɗakin nan sati bakwai kafin ya rasu.

Ban ce da ya sha kunun da ya rayu ba. Kwanansa ya ƙare, na yarda da wannan, kuma malamai sun faɗa mini, Hajiya ma ta faɗa mini tana sharar hawaye. Amma ya roƙi abu ɗaya a duniya da ɗaya daga cikin kalmomi ukun da suka rage masa. Inna Shanta ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta har ta koma ga 'yarta a wata jiha, inda ta rasu, kuma ban sake ganin agogo a hannunta ba. Na sha gaya mata da Turancin da ita da ajinta suka koya mini cewa ita ta kawo dawar, ni na juya ledar ta kalli bango. Ba ta taɓa yarda ba, ni ma ban taɓa yarda cewa laifin nata ne ba.

Yanzu ba Bahaushen da ke yankin nan da bai san kantin Indiyawa ake zuwa sayen garin dawa da na gero ba. Daga bakina Hajiya ta ji, daga bakinta kowa ya ji. Matan da ke zuwa yanzu wayarsu suke nuna wa leda ta karanta musu abin da ke ciki. Ajin Asabar yana nan, jikokin waɗancan tsofaffin ne ke koyarwa, ni ma ina zuwa auna shinkafa in gwiwa ta bar ni. In aka ba ni kwalin baƙuwar da ba ta jin Turanci, nakan buɗe kowace leda a gabanta in sa ta sunsuna. Yaran suna ganin tsufa ne ya fara taɓa ni, na bar su a haka.

Rabi ba ta tuna mahaifinta, ba ta kuma tuna ɗakin. Bara ta tarar da ni gaban kofin da ya huce, ta tambaye ni da Turanci me ya sa nake dama abin da ba zan sha ba. Na ce mata na babanta ne. Ban gaya mata sauran ba. Ranar da za mu tashi daga gidan Hajiya, bayan an kwashe kaya, na koma ni kaɗai na tsaya inda kan gadonsa yake, na taka zuwa inda firjin yake. Taku huɗu ne.